Cacar dala biliyan biyu: nawa ke shiga hannun wanda ya ci, kuma ina kuɗin ke tafiya?

A watan Satumban 2025, tikiti biyu, ɗaya a jihar Missouri ɗaya a Texas, suka raba dala biliyan 1.787 na cacar Powerball a Amurka. Duk sanda irin wannan labari ya fito, hira ɗaya ce ke tashi a majalisa da shagon aski da shafukan Facebook: in kai ne, me za ka yi da su? Amsoshin ba su cika bambanta ba. A biya bashi, a gina wa tsohuwa gida, a yi sallama da aikin wani, a ja dangi a jiki.

Sai dai lissafin bakin yana tashi ne daga adadin da ba ya shiga hannun kowa. Kowane ɗaya daga cikin masu tikitin nan biyu, in ya ce a ba shi rabonsa yau, dala miliyan 410.3 ne, kuma haraji bai taɓa su ba tukuna. Sannan tun kafin ya sayi ko allura akwai shawarwari uku da ke jiransa: yadda zai karɓi kuɗin, ko sunansa zai fita, da wanda zai damƙa wa amanarsu. Labaran waɗanda suka ci a baya sun nuna waɗannan ukun sun fi yanke makomar mutum fiye da irin gida ko motar da ya zaɓa.

Yadda kwasar ke taruwa

Mai karatu da ya san adashe ya riga ya san rabin tsarin: mutane da yawa na zubi, mutum ɗaya na kwasa. Inda suka rabu shi ne a adashe kowa na da ranarsa, kuma abin da ka zuba shi za ka kwashe. A cacar tikiti kusan rabin zubin ne kawai ake warewa don kyaututtuka. Sauran na tafiya ga gwamnatocin jihohi, da ladan masu shagunan da ke sayar da tikiti, da kuɗin gudanarwa. Kuma yawancin masu zubi ba za su taɓa ganin ranar kwasa ba.

Tikitin Powerball dala 2 ne, ana sayar da shi a jihohi 45. Mai saye zai zaɓi lambobi biyar daga 1 zuwa 69, da ƙarin lamba ɗaya daga 1 zuwa 26. In ba wanda ya dace da duka shidan, kuɗin na wucewa zagaye na gaba, su ci gaba da hauhawa. Damar dacewa ɗaya ce cikin miliyan 292.2. Da za a rubuta sunan kowane ɗan Najeriya da kowane ɗan Nijar, har jarirai, a zuba a buhu guda a zaro ɗaya, damar a zaro sunanka ta fi wannan.

Wahalar nan da gangan aka yi ta. Kafin Oktoban 2015 damar ɗaya ce cikin kusan miliyan 175. Masu shirya cacar suka ƙara yawan lambobin don a daɗe ba a ci ba, domin sun lura babban adadi ne ke jawo har wanda bai saba saye ba ya shiga layi. Wata uku bayan canjin, a Janairun 2016, kwasar ta kai dala biliyan 1.586, karo na farko da ta haura biliyan. Ita ma takwararta Mega Millions ta ɗaga kuɗin tikitinta daga dala 2 zuwa 5 a Afrilun 2025, da hujjar cewa kwasar za ta riƙa girma da sauri.

Biliyan 2 a allo, miliyan 628 a hannu

Kwasar da ta kafa tarihi ita ce ta Nuwamban 2022. An shafe fiye da wata uku ba wanda ya ci, har ta kai dala biliyan 2.04. Daren da za a fitar da lambobin ma sai da aka ɗage zuwa safiya, saboda wata jiha ba ta gama tantance cinikinta ba. Tikiti ɗaya ne ya dace, an saye shi a wani gidan mai da ke Altadena, a jihar Kalifoniya.

Mai tikitin ya karɓi dala miliyan 997.6. Ba cutarsa aka yi ba. Adadin da ake liƙawa a allo jimillar abin da za a biya ne in mutum ya yarda a ba shi kashi-kashi, sau 30 cikin shekara 29, kowane biya ya ɗara na bara da kashi 5 cikin 100. Abin da ke cikin asusu a ranar shi ne miliyan 997.6 ɗin. In ka zaɓi biyan kashi-kashi, da su za a sayi takardun bashin gwamnatin Amurka, kuɗin ruwan da suke haifarwa shi ke cike gibin har ya kai biliyan 2.04. A wannan lissafi biyan farko zai kama kusan miliyan 31, na ƙarshe kusan miliyan 126.

Wannan ne ya sa girman adadin allo ba ya nuna girman kuɗin. Kwasar 2016 an tallata ta a biliyan 1.586, tsabarta miliyan 983.5. Ta 2022 an tallata ta a biliyan 2.04, tsabarta miliyan 997.6. A allo tazarar ta haura miliyan 450, a asusu kuwa miliyan 14 ce kacal. Abin da ya canza shi ne kuɗin ruwa: a 2016 yana ƙasa sosai, a 2022 babban bankin Amurka ya yi ta ɗaga shi don yaƙi da tsadar kaya. Kallon kitse ake wa rogo in aka tsaya ga allon kaɗai.

Sai haraji. Hukumar harajin tarayya na cire kashi 24 cikin 100 tun kafin kuɗin su fita. Da yake mai irin wannan samu ya faɗa rukunin ƙoli, wanda harajinsa kashi 37 ne, zai cika ragowar idan lokacin biyan haraji ya zo. A miliyan 997.6, abin da zai rage bai wuce kusan miliyan 628 ba, wato ƙasa da sulusin abin da jaridu suka buga. Shi ma ya taki sa'a ne, don Kalifoniya ba ta karɓar harajin jiha a kan kuɗin cacarta. Da a Niyok ne, jihar za ta yanki sama da kashi 10, in mazaunin birnin ne birnin ma ya yanki nasa. A Birtaniya kuwa ba a cire haraji daga kyautar, kuma a dunƙule ake biya, shi ya sa fam miliyan 100 na can fam miliyan 100 ne.

A dunƙule ko kashi-kashi?

Kusan duk waɗanda suka ci manyan kwasar shekarun nan dunƙulen suka ɗauka. Masu goyon bayan haka na cewa wanda ya juya kuɗin da kyau zai iya samun fiye da abin da takardun gwamnati ke bayarwa, ba wanda ya san yadda haraji zai kasance nan da shekara 20, kuma tsadar kaya na iya cinye darajar biyan da ke can gaba. Dattijo mai shekara 70 ma zai ce ina ruwansa da biyan shekara ta 29, ko da yake doka ta tanadi cewa ragowar na komawa ga magada.

Masu ra'ayin kashi-kashi ba da lissafin riba suke kafa hujja ba, da halin ɗan Adam suke. Wanda ya yi wauta da kuɗin bana, na baɗi na nan tafe, har sau 30. Kuma yana da amsar da zai ba mai roƙo ba tare da ya yi ƙarya ba: kuɗin ba sa hannuna. Hujjar farko ta dace da wanda ya saba riƙe dukiya kuma yana da amintattun masu ba shi shawara. Ta biyu ta dace da wanda bai taɓa riƙe miliyan ɗaya ba, kuma irinsa ne suka fi yawa a layin sayen tikiti.

Suna, da wanda aka ba amana

Jihohin Amurka sun rabu a kan bayyana sunan wanda ya ci. Kalifoniya na cikin masu tilasta a faɗa, hujjarsu kuwa ita ce jama'a su tabbata mutum na gaske ne ya ci, ba wani ma'aikacin hukumar cacar ko ɗan'uwansa ba. Wasu jihohin sun yarda a ɓoye, wasu sun yarda a karɓa da sunan asusun amana. A 2018 wata mata a New Hampshire da ta ci dala miliyan 559.7 ta sa hannu a bayan tikitinta da sunanta, daga baya ta gane hakan zai sa a bayyana ta. Ta garzaya kotu, alƙali ya yarda a sakaya sunanta amma a faɗi garinsu.

Tsoron nata na da tushe. A 2006 wani yaron mota a Fulorida ya ci dala miliyan 30, ya karɓi kusan miliyan 17. Masu roƙo da masu neman rance suka yi masa caa, har akasarin kuɗin suka tafi cikin shekara biyu. Sai wata mata ta zo masa da cewa za ta rubuta littafi a kan yadda ake cin amanarsa, ta karɓe ragamar abin da ya rage. Ya ɓace a 2009, aka tono gawarsa a farkon 2010, kotu ta yanke wa matar ɗaurin rai da rai a 2012.

Ɓoye suna kaɗai ma bai isa ba. Shawarar da kowa ke bayarwa ita ce a nemi lauya kafin a je karɓa. Jason Kurland lauya ne a Niyok da ya yi suna a wannan fanni, yana fitowa a talabijin yana gargaɗin masu ci su yi hattara da 'yan damfara. Cikin waɗanda ya wakilta har da wadda ta ci dala biliyan 1.5 na Mega Millions a South Carolina a 2018, wadda jiharta ta sakaya sunanta. A 2022 kotu ta sami Kurland da laifin damfarar abokan hulɗarsa, asarar ta haura dala miliyan 100, aka yanke masa shekara 13 a 2023. Shi ya sa masana harkar ke cewa kada lauya da akanta da mai juya kuɗin su fito daga hannu ɗaya, a bar kowa ya zama ido a kan ɗan'uwansa.

Abin da suke yi da kuɗin

Labari biyu ne jaridu suka fi so: wanda ya watsar da wanda ya kyautar. Jack Whittaker na West Virginia ya haɗa duka biyun. Ranar Kirsimetin 2002 ya ci dala miliyan 314.9, ya tashi da kusan miliyan 113 bayan haraji. Ba talaka ba ne, yana da kamfanin gine-gine da ma'aikata. Ya yi alƙawarin ba coci-coci ushirin kuɗin, ya kafa gidauniya, ya saya wa matar da ke sayar masa da abin kari a shagon da ya sayi tikitin gida da mota. Wasiƙun roƙo suka yi ta zuwa har sai da aka ɗauki masu buɗe su. A 2003 aka fasa motarsa a ƙofar wani gidan rawa aka ɗauke jaka mai dala 545,000. Ƙararraki suka yi masa yawa, aurensa ya mutu. Jikarsa da yake ji da ita, wadda ya riƙa ba kuɗi da motoci, ta faɗa shaye-shaye, aka tsinci gawarta a ƙarshen 2004 tana da shekara 17. Daga baya ya ce da ya sani da ya yaga tikitin. Ya rasu a 2020.

A ɗaya gefen akwai Frances da Patrick Connolly, 'yan Ireland ta Arewa, da suka ci kusan fam miliyan 115 na cacar Turai ta EuroMillions a ranar farko ta 2019. Tun a daren suka fara rubuta sunayen mutum kusan 50 da za su ba, suka kafa gidauniyoyi biyu, cikin 'yan shekaru sun rabar da fiye da rabi.

Yawancin masu ci ba su yi kama da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Masu bincike sun bi diddiginsu a ƙasashe da dama, kuma hoton da ya fito ba shi da armashin labari. A Suwidin, inda gwamnati ke da cikakken bayanin samun kowa, David Cesarini da abokan aikinsa sun gano a binciken da suka buga a 2017 cewa masu ci ba su cika barin aiki ba. Rage awannin aiki suke yi, abin da suke samu a shekara ya ragu da kusan kashi 1 cikin 100 na kyautar, su kuma ci kuɗin sannu a hankali tsawon shekaru. A wani binciken na 2020 an tambayi mutum fiye da 3,000 shekara 5 zuwa 22 bayan cacar. Waɗanda suka ci da yawa sun fi nuna gamsuwa da rayuwarsu, kuma gamsuwar ba ta dushe ba, amma a farin cikin yau da kullum da lafiyar ƙwaƙwalwa bambancin kaɗan ne. A Holan kuwa an ga kuɗin sun fi tafiya kan mota da gyaran gida.

Akwai abin lura a nan. Kyaututtukan da aka yi waɗannan bincike a kansu ba su kai ko ƙurar biliyan ba. Wanda ya ci abin da zai biya masa bashin gida daban, wanda ya wayi gari ya fi ƙaramar hukuma kuɗi daban.

Maganar cewa kashi 70 na tsiyacewa

An daɗe ana yawo da cewa bakwai cikin goma na masu cin caca na tsiyacewa cikin 'yan shekaru, ana jingina maganar ga wata cibiyar ilimin kuɗi ta Amurka mai suna National Endowment for Financial Education. A Janairun 2018 cibiyar ta fito ta ce ba ta da binciken da ya nuna haka. Adadin dai ya ci gaba da yawo, don ya yi daidai da abin da mutane ke son ji.

Abin da ke da tushe ya fi wannan ƙanƙanta, amma ya fi koyarwa. A Fulorida an bi masu ci kusan 35,000, aka kwatanta waɗanda suka samu dala 50,000 zuwa 150,000 da waɗanda suka samu ƙasa da 10,000. A shekara biyun farko masu babban rabon ba su kai sauran zuwa kotu neman kariya daga masu bin bashi ba. Zuwa shekara ta biyar an yi kunnen doki. Kuɗin sun ɗage karayar ne, ba su hana ta ba, alhali da yawansu abin da suka ci ya isa ya share bashin da ke kansu.

Dangi da maƙwabta

Raba wa 'yan'uwa, wanda shi ne amsar farko a bakin mutane da yawa, na da nasa harajin a Amurka, kuma mai bayarwa ne ke biya. A 2025 mutum na iya ba kowane mutum ɗaya dala 19,000 a shekara ba tare da an ƙirga ba. Abin da ya haura haka ana zaftare shi daga rangwamen da aka ba shi na tsawon rayuwa, dala miliyan 13.99 a wannan shekarar ta 2025, in ya ƙare harajin na kaiwa kashi 40 cikin 100. Wanda ya so ya ba ƙannensa goma miliyan goma-goma zai tarar da gwamnati a matsayin ta goma sha ɗaya.

Tasirin kuma ba ya tsayawa a gidan wanda ya ci. Binciken Holan ɗin nan, wanda aka buga a 2011, ya duba cacar da ake yi bisa lambar unguwa, ya gano maƙwabtan da ba su ci komai ba sun fi saurin sayen mota in na kusa da su ya ci. A Kanada an ga abin da ya fi haka nauyi: iya girman abin da mutum ya ci, iya yawan maƙwabtansa na kusa da ke cin bashi har su karye a shekarun da suka biyo, kuma a kan abubuwan da ido ke gani, irin su mota, suka fi kashewa.

Wa ke biyan kwasar

Amurkawa na kashe fiye da dala biliyan 100 a shekara kan tikitin caca. Jihohi na kare harkar da cewa ba wanda aka tilasta wa, kuma ribar na zuwa makarantu da ayyukan jama'a. A zagayen 2022 kaɗai makarantun gwamnati na Kalifoniya sun samu kusan dala miliyan 156, mai gidan man da ya sayar da tikitin ya samu tukuicin miliyan 1. Masu suka na cewa haraji ne a fakaice da ya fi danne talaka, domin mai ƙaramin albashi ya fi kashe kaso mai yawa na samunsa a kai, kuma wasu majalisun jihohi kan rage kasafin ilimi da zarar kuɗin caca sun shigo. Jihohi biyar ba su da cacar gwamnati: Alabama, Alaska, Hawaii, Nevada da Utah. Dalilansu ma ba ɗaya ba ne, Utah addini ne ya hana ta, Nevada kuwa gidajen cacarta ne ba sa son kishiya.

Ga Musulmi, tambayar me zan yi da kuɗin tana cin karo da hukuncin da ya riga ta. Aya ta 219 a Suratul Baƙara da ta 90 a Suratul Ma'ida sun ambaci caca tare da giya, kuma malamai da yawa na ganin wanda irin wannan kuɗi ya shiga hannunsa ya rabu da su ta hanyar amfanin jama'a, ba ya ci ba. A Najeriya ma batun na da rai: Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano a 2024, kuma a Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne.

Hanyar da waɗannan manyan adadi suka fi isowa wayar mutum a Kano ko Maraɗi ita ce saƙon da ke cewa lambarsa ko adireshinsa na intanet ya ci Powerball ko wata caca ta Turai, ya turo kuɗin haraji ko na canji a sako masa. Ba a cin Powerball sai da tikitin da aka saya a inda ake sayar da shi. In kuma baƙo ne ya saya yana Amurka ya ci, ƙa'idar ita ce a cire kashi 30 cikin 100 daga cikin kyautar kafin a miƙa masa, ba a neman ya fara turo ko sisi.